Numfashi Uku na Baba

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, kai da Anti da yara. Wata biyu da rasuwar Baba, har yau ina ɗaukar waya in kira shi, sai in tuna.

Roƙo nake. Ka tuna takardar da aka ba shi a asibiti da aka auna bugun zuciyarsa, mai zane kamar haƙoran zarto? Nazarin irin wannan zanen ne aikina a nan. In mutum ya ja numfashi, ƙirji ya buɗe, tsinin zanen yakan ɗan sauya tsayi, daga nan muke gano yadda ya numfasa. Daƙiƙa goma ce, numfashi uku. Ban ga numfashinsa na ƙarshe a duniya ba, Yaya. Ka aiko mini ukun nan.

Taka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na samu takardar a aljihun farar rigarsa, ta fara koɗewa. Kin san ni, ko katin rigakafin yara sai na kai an rufe shi da leda. Na kai ta shago a manne mata leda da inji don kada ta lalace a hanya. Ta fito daga injin baƙa ƙirin. Sai a lokacin mai shagon ya ce ai irin wannan takarda da zafi ake rubutu a kanta. Na koma asibiti, sun ce ba su ajiye wata ba.

Ban san da wane ido zan dube ki ba. Ki yafe mini.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi kuka, na yi fushi, na zage ka a zuci har na gaji. Kai da ledarka! Ya wuce. Amma kana ɗakin ranar da aka auna shi. Me ka gani? Kada ka rage mini komai.

Auta

Auta,

Gaisuwa. Da aka manna masa wayoyin awon zuciya a ƙirji, ya tambayi ma'aikaciyar ko irin aikinki ne. Ta ce kusan haka. Sai ya miƙe ƙafafu, ya ƙame, ya riƙe numfashi kamar za a ɗauke shi hoto. Bai saki ba sai da takardar ta gama fitowa. Yana haki ya ce mini, “In Auta ta gani, kada ta ce ban nutsu ba.”

Ki huta lafiya.

Yayanki