Wanda Ya Ƙirga wa Britta Solheim

Alder Falls, Minnesota
14 ga Nuwamba, 1995

Zuwa ga 'yata Ingrid,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mijinki Curtis da yara kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso tare da hoton ɗakin da kika gyara mini a Tucson. Ɗakin ya yi kyau, ki sa keken ɗinkinki a ciki. Amsata ta bara ba ta sake ba. Ba zan je in zauna cikin gajeren wando ina jiran mutuwa a rana ba.

Dusar ƙanƙara ta sauka ranar Alhamis, ɗalibai sun bar filin waje sun koma zauren wasanni. Gil Markuson, editan jaridar garin, ya aiko a tuna mini da shafin da nake rubuta masa kowace shekara kafin kakar guje-guje ta cikin zaure: wa zai fitar da mu kunya, wa zai ba mu ita. Shekara ashirin da shida na koyar da harshen Latin a kwalejin nan kafin su rufe sashen su mai da ofishina ɗakin injin kwafi. Cikin duk abin da na rubuta a rayuwata, wannan shafin kaɗai ake karantawa.

Na kusa gamawa. Otis Brandvold, ƙaton nan mai jifan dalma, ya ƙara kauri, kuma in ya daina fita daga da'ira bayan jifa zai ci gasar yanki. 'Yan gudun miƙa sanda na maza uku ne da rabi, alhali huɗu ake buƙata. Akwai sabuwar yarinya daga Duluth a gudun tsallake shinge, tana da sauri, amma tana tsallake kowane shinge kamar tana neman gafararsa. Bara mun zo na huɗu. Na rubuta bana za mu zo na uku, don Gil ba ya buga baƙin labari gab da Kirsimeti.

Wuri ɗaya na maƙale, wato Britta Solheim. Ba ki san ta ba. 'Yar wani mai kiwon shanun madara ce, wannan ce shekararta ta ƙarshe. A gasar yanki ta Fabrairun da ya wuce tana ta biyu a mita dubu biyar, lokacinta kuma zai kai ta gasar ƙasa, sai ta zuba da gudu ta tsaya a kan layi, alhali da sauran zagaye ɗaya cikin ashirin da biyar. Kafin ta gane ta sake tashi, mutum biyar sun wuce ta. Tun ranar garin ke mata dariya. Koci Dale Pruitt ya gaya mini bana ba zai sa ta a dubu biyar ba, zai mai da ita mai ja wa wasu gudu, ta yi zagaye takwas ta fita gefe. Ya ce takwas dai ai za ta iya ƙirgawa. Gil kuma yana so in ambaci abin, wai mutane na jin daɗinsa.

Kwana uku ke nan ina kallon takarda. Barci ma sai a hankali.

Pruitt ya aiko da takardar alƙalai in sa hannu. In Allah ya kai mu Janairu, shekarata ta talatin da biyu ke nan a bakin layi ina ƙirga zagaye.

Ki gai da yara. Ki daina buga waya, ba na jin abin da kike cewa.

Mahaifinki,
Wendell Torgerson

*

Tucson, Arizona
20 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa, ya sanyi? Yara na gaishe ka. Curtis ya ce in gaya maka ya karɓi zagin gajeren wando a madadin jihar gaba ɗaya.

Baba, shekara huɗu na yi ina gudu a zauren nan. Na san ƙararrawar zagayen ƙarshe wadda ke gaba kawai ake kaɗa wa. Sauran kuwa, kowace idan ta gaji, kai ya ɗauki zafi, ido ya rufe, mai ƙirga mata take duba. Kuma na san Pruitt, mafi kyawun 'yar gudunsa ba ya ba kowa sai kai. Ka rubuta mini shafi biyu, har da kaurin Otis, ba ka faɗi wanda ya ƙirga wa yarinyar ba.

Maƙwabciyarka Misis Oyen ta rubuto mini a Satumba. Ta ce ka je coci da mota ka dawo a ƙafa, washegari ka kira 'yan sanda wai an sace ta. Na yi shiru don na san halinka. Yanzu ba zan iya ba.

Wa ya ƙirga mata?

Ka riƙa sa safa biyu, ka kuma ci abinci mai zafi, ba burodi da kofi kullum ba.

Taka,
Ingrid

*

Alder Falls
26 ga Nuwamba

Ingrid,

Gaisuwa. Misis Oyen kuwa, tun da mijinta ya rasu ba ta da aikin da ya wuce tagata.

Ni ne. Ni na ƙirga mata.

Mutum uku aka ba ni ranar. A zagaye na goma sha bakwai wata yarinya ta faɗi a kwana, zaure ya ɗauki ihu, na ɗaga kai. Da na mai da ido kan takarda ban tuna ko na sa wa Britta alama ba, sai na sa. Ashe na riga na sa. A dā, da na dubi agogo zan gane, don lokaci ba ya ƙarya. Ranar na dubi agogon, lambobin ba su ce mini komai ba. Da ta zo wucewa saura biyu, ta juyo ta dube ni, na ɗaga mata yatsa na ce, "Ɗaya, Britta." Hayaniya ta yi yawa, babu wanda ya ji sai ita.

Ga abin da ya fi muni. Kafin in miƙa takardar ga babban alƙali, na goge alamar da ta yi yawa. Da fensir muke aiki. Minti ɗaya bai cika ba.

Yarinyar ba ta gaya wa kowa ba. Wata tara tana ɗauke da kunyata, ba ta buɗe baki ba. Tana aiki a gidan kofin Lund ranar Asabar, jiya na je da niyyar in yi mata magana. Ta zuba mini kofi, ta tambaye ni ko zan ci kek ɗin tuffa. Na ce mata yaya atisaye. Ta ce lafiya lau, yanzu ai zagaye takwas ne, ko ɗan raino zai iya. Sannan ta tsaya da butar a hannu, ta ce, "Farfesa, bana ma kai ne a bakin layi?" Na ce haka ake sa rai. Ta ce to, ta wuce teburin gaba. Na bar kofin ban sha ba.

Kin san abin da zai biyo baya in na faɗa. Pruitt zai karɓe takardar ya ba wani likitan haƙori da ke ta roƙo tun shekara biyar. Ingrid, wurin nan ne kaɗai ya rage a kwalejin da wani ke juyowa ya dubi bakina yana jiran abin da zan ce. In ya tafi, daga Janairu zuwa Maris ni da murhun ɗumama ɗaki ne a gidan nan. Ke kuma za ki sami hujjar da kike nema ki zo ki kwashe ni.

Gil yana son rubutun ranar huɗu ga Disamba. Pruitt zai tura sunayen gasar farko ranar goma sha biyar. Zan iya tsallake sunanta baki ɗaya, babu wanda zai lura.

Kada ki gaya wa Curtis.

Mahaifinki,
W. T.

*

Tucson
30 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta sau biyu, na ɓoye ta a aljihun jakata. Curtis bai gani ba.

Ba zan kira Pruitt ba, ba zan kira kowa ba. Kuma na yi maka alkawari, duk abin da ka yi, ba zan ɗauki wannan maganar in ja ka da ita zuwa Tucson ba. Likita dai za mu gani in na zo Kirsimeti, wannan babu ja.

Abu ɗaya zan ce. Kai ka sami kakar gudu talatin da ɗaya. Ita saura mata guda.

Ina sonka, ko da taurin kan.

Ingrid

*

Alder Falls
5 ga Disamba

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri.

Ranar Juma'a na je zauren, na hau can sama kan kujerun 'yan kallo na zauna, na ce bari in gwada kaina. Na zaɓi wani yaro mai jar riga ina ƙirga masa. Karo na farko daidai. Na biyu daidai. Na uku, ina goma sha tara sai wani ya buɗe ƙofa, iska ta shigo, lambar ta tafi. Na zauna ina nemanta kamar mai laluben makulli a aljihu. Ba ta dawo ba.

Daga nan na sauka ofishin Pruitt don in gaya masa baki da baki. Ina shiga ya miƙe da murna ya ciro sabuwar rigar alƙalai, shuɗiya, an ɗinka sunana a ƙirji. Ya ce, "Gwada mu gani, Farfesa, kada ta yi maka yawa, ka rame." Na gwada. Na ce na gode. Na fito da ita a jikina kamar wawa. Shekara nawa ina koya wa yara jawaban mutanen da suka tsaya gaban majalisa ba tsoro, ga ni na kasa jimla ɗaya gaban mai koyar da gudu.

To, abin da baki ya kasa na ba hannu. Ga yadda sakin layi na ƙarshe ya fita:

"A mita dubu biyar ta mata, wadda za a sa wa ido ita ce Britta Solheim, in an sa ta. Bara ba ta ɓata ƙirga ba. Mai ƙirga mata ne ya ce saura ɗaya alhali saura biyu, sannan ya goge shaidar. Shi ne mai wannan rubutu."

Gil ya karanta a tsaye, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko na sha wani abu. Ya ce zai iya cire layin gogewar, sauran ya isa. Na ce ya bar shi yadda yake. Wallahi da ya sake tambaya sau ɗaya da na yarda, amma bai sake ba.

Jarida na fita Alhamis. Ban san ko Pruitt zai sauya ra'ayi ba, mutum ne da ba ya son a nuna masa ya yi kuskure. Mai yiwuwa na rasa wurina, ita ma ba ta sami nata ba. Tun jiya ko motar mai kawo wasiƙa ta tsaya sai in leƙa ta taga.

Rigar tana rataye a bayan ƙofa. Ban san ko mayarwa ake yi ba.

Mahaifinki,
Wendell

*

Ɗakin kwanan ɗalibai, Kwalejin Alder Falls
16 ga Disamba

Zuwa ga Farfesa Torgerson,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Koci ya sa sunana a dubu biyar ranar goma sha uku ga Janairu. Dakta Feeney, likitan haƙori, shi zai ƙirga mini.

Mutane na ta yaba mini wai na rufa maka asiri. Gara ka ji gaskiya. Ban rufa ba. A ranar, ko takalmi ban cire ba na gaya wa Koci abin da ka ce mini. Ya je ya duba takardarka, ya dawo ya ce Farfesa bai taɓa kuskure ba cikin shekara talatin, kuma abin kunya ne in ɗora wa tsoho laifina. Babana ma haka ya ce. Daga nan na daina faɗa.

Ban san ko godiya zan yi maka ba. Wataƙila nan gaba.

Ƙarfe biyu da kwata za mu fara gudun. In za ka zo, ka zo. Ka zauna a sama.

Da girmamawa,
Britta Solheim