Sakatar Ƙofar Mimbi

Villa Santa Rufina,
6 ga Oktoba, 1993

Zuwa ga matata Herminia,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin 'yarmu Zunilda? Ina fata kumburin ƙafar ya sauka, kuma likitocin Buenos Aires ba su sake canja ranar haihuwar ba. Ki gaishe ta, ki gaida mijinta. Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina sha.

Na so in riƙe wannan labari har jikanmu ya iso, amma jaridun babban birni sun riga sun ɗauka, kuma ba na so ki fara jinsa daga bakin wani. Damisarmu Mimbi ta mutu shekaranjiya. Ni na harbe ta.

Ranar Waliyyi Faransis ce, kuma kamar kowace shekara mutanen gari sun cika farfajiyar gidan namun daji da karnukansu da kajinsu, wani da aku a kafaɗa, domin Fada Venancio ya yayyafa musu ruwan albarka. Da ya gama da na gida sai ya zagaya kejunanmu. A kejin damisa an buɗe masa ƙofar waje ya shiga lungu, kamar yadda aka saba. Abin da ba a saba ba shi ne, ƙaramar ƙofar ciki ma ta buɗe. Mimbi ta fito ta bi ta gefen rigar Fada, ta sauka farfajiya, cikin mutane wajen ɗari biyu.

Ba ta taɓa kowa ba. Ina so ki san wannan, ke da kika shayar da ita da kwalba a kicin ɗinmu shekara goma sha huɗu da suka wuce, har ta cinye miki takalmin zuwa coci. Tafiya kawai ta yi, a hankali, irin tafiyar marar lafiya, ta tsaya taku uku daga Ña Eustaquia mai sayar da rogo, wadda ke rungume da ɗan akuya. Tsohuwar ta kasa gudu, ta kuma ƙi sakin akuyar.

Za a tambaye ki me ya sa ban yi amfani da allurar barci ba. Allurar tana ɗaukar minti takwas zuwa goma kafin ta kama, zafin shigarta kuma yakan sa dabba ta zabura kan abin da ya fi kusa da ita. Haka aka koya mini a jami'a, haka na koya wa wasu, kuma har yau ban ga kuskure a cikinsa ba.

Tun ranar ban fita ba. Gidanmu dai kin san ƙofarsa ɗaya ce da ta gidan namun, kuma a bakinta akwai taro iri biyu. A dama ɗalibai ne da kwalaye, suna kirana makashi. A hagu matan kasuwa ne, suna cewa a kashe Arami, 'yar Mimbi, kafin ita ma ta fito. Da rana ta yi zafi sai in hango su suna miƙa wa juna ƙoƙon terere, shayin ganyen nan mai sanyi. Jiya wani ya ɗaga murya ya ce, "Likita, fito ka duba mu mana! Ko mu ma harsashi za ka rubuta mana, safe da yamma?" Ɓangarorin biyu suka yi dariya tare.

Kada ki faɗa wa Zunilda fiye da abin da ya zama dole.

Mijinki,
Anselmo

Villa Santa Rufina,
12 ga Oktoba, 1993

Herminia tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina fata takardata ta farko ta iso hannunki, domin direban motar ya yi mini alkawari. Idan Zunilda tana samun barci, ki bar ta ta yi, za ta neme shi nan gaba.

Majalisar gari ta naɗa kwamiti, kuma an ba ni zuwa ashirin ga wata in kai rahoto a rubuce kan yadda ƙofar ciki ta buɗe. Zan shimfiɗa miki al'amarin yadda yake.

Crispín, mai kula da kejunanmu, ya riga ya tsaya gaban kwamitin ya ce shi ya zare sakatar, shi kaɗai, ba da sanin kowa ba. Ya ce hannun Fada ya tsufa, ruwan ba ya kaiwa inda Mimbi ke kwance a ƙuryar keji, shi kuma bai ga dalilin da za a sa wa kajin gari albarka a bar marar lafiya ba. Ya yi nufin ya buɗe ƙofar faɗin tafin hannu ɗaya don ta leƙo. Idan na tabbatar da wannan a rahotona, za a kore shi, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma lauyan majalisa ya ce maganar za ta kai kotu. Mutumin da ya share shekara ashirin da takwas yana wanke kejuna ke nan. Mutumin da ya riƙe Zunilda a coci ranar baftismarta.

Magajin gari ya aiko mota ta ɗauke ni ta ƙofar shigo da nama, ina kwance a kujerar baya kamar kaya. Ya karɓe ni da fara'a. Ya ce, "Likita, kai mai ilimi ne, ni kuwa ɗan kasuwa ne da tsautsayi ya kawo ofis. Amma ai dabbar nan ba ta da lafiya, ko ba haka ba? To ka rubuta cewa ciwon ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, ta haukace ta ɓalle ƙofa. Fada ya huta, tsohon ma'aikacinka ya huta, ni ma in samu in ci abinci." Na ce ciwon ƙoda ne, kuma ƙoda ba ta ɓalle sakata. Ya ce, "Wa zai buɗe cikinta ya gani, ban da kai?"

Abin da bai faɗa ba, amma mu biyun mun sani, shi ne ƙa'idar ma'aikatar lafiya. Idan na rubuta ciwon hauka, duk dabbar da ta zauna keji ɗaya da ita dole a kashe ta. Arami ke nan. Shekararta biyar, lafiyarta ƙalau, tana cin kilo uku a rana. Kuma ni za a miƙa wa bindigar.

Crispín ya zo ranar Lahadi da butar terere, muka zauna ƙarƙashin mangwaro. Ya rame. Har yanzu kompadre yake kirana, wato uban 'yar da ya riƙe a baftisma. Ya ce, "Kompadre, me kake ta juyi a kai? Rubuta sunana, ka san yadda ake rubuta shi, kai ka cika mini takardar ɗaukar aiki. Ni ko an kore ni ina da gonar rogo. Arami wace gona gare ta?" Na ce kotu fa. Ya ce, "An ce a gidan yari ana ba da abinci sau biyu, kuma wani ne ke wanke kejin. Ka ga na samu ƙarin girma." Ya yi dariya, ni ban iya ba.

Matarsa, Ña Petrona, ta zo washegari. Ba ta zauna ba. Ta ajiye kwanon abinci a teburi, ta ajiye guntun kyandir ɗin baftismar Zunilda kusa da shi, wanda ban san ta adana ba duk shekarun nan. Ta ce, "A gaida komadre," wato ke, ta fita.

Kullum da safe nakan zauna gaban keken rubutu. Na rubuta kwanan wata da sunan kwamiti a takarda goma sha ɗaya. Daga tagar ofis ina ganin Arami tana kai da komowa a jikin ƙarfe, taku bakwai ta juya, taku bakwai ta juya. Na auna ofishina, shi taku shida ne.

Ki yi mini addu'a, ke da kika fi ni iyawa.

Naki,
Anselmo

Villa Santa Rufina,
21 ga Oktoba, 1993

Herminia,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego, ina kuma yi wa baƙuwarmu barka da zuwa. Takardarki ta iso ranar Litinin, na karanta layin farko sau uku kafin na wuce. Kilo uku da rabi! Allah ya raya ta, ya ba uwarta lafiyar shayarwa. Ki sumbaci goshinta a madadina.

A ƙarshen takardar kin rubuta cewa na faɗa miki inda Fada yake, da inda Crispín yake, da inda Ña Eustaquia take, amma ban faɗa miki inda ni nake tsaye ba sa'ad da aka zare sakatar. Shekara ashirin da bakwai muna tare, ban taɓa iya ɓoye miki abu ya kwana biyu ba. Wannan ya yi sati biyu saboda nisa ne kawai.

Ina bakin lungun, taku biyu daga Crispín.

Watanni huɗu ina fama da ƙodar Mimbi. Na gwada duk abin da na sani, na rubuta wa tsohon malamina, na canja magani sau uku, tana ta ramewa. Ranar da ruwan Fada ya faɗi a ƙasa bai kai gare ta ba, Crispín ya ɗora hannu a kan sakatar ya dube ni. Bai yi magana ba. Ni da nake zolayarki kan kyandir da jigidar addu'a, ni da na rubuta dokar ƙofofin nan da hannuna, cewa ba a buɗe ta ciki sai ta waje tana kulle, na gyaɗa masa kai. Ba wanda ya gani sai shi. Na ce a raina tafin hannu ɗaya ne, kuma ba ta da ƙarfin tashi. Gaskiyar ita ce ilimina ya ƙare, ina so ruwan ya taɓa ta.

Akwai na biyu, wanda ya fi wannan nauyi. Sa'ad da na dawo da bindiga, Mimbi ta ba ni baya, kuma Ña Eustaquia tana daidai gabanta, ba halin harbi. Sai na kira ta. Na kira ta yadda kike kiranta in kin dama madara. Ta bar kallon akuyar ta juyo, ta ɗaga jela, ta yi taku ɗaya zuwa wajena. A nan na harba.

Na sake auna wannan sau da yawa. In an mayar da ni wurin, da tsohuwar da akuyarta da yaran da ke bayanta, zan sake kira, zan sake harbi. Ba harbin nake nadama ba. Gyaɗa kan nake nadama, shi ne kuma abin da babu shi a duk labaran da aka ba ni in zaɓa.

Jiya na kai rahoton. Shafi ɗaya ne da rabi. Na rubuta cewa dabbar ciwon ƙoda take yi, hankalinta ƙalau, kuma na haɗa da sakamakon binciken gawarta don kada wani ya sake fassara shi. Na rubuta cewa ma'aikaci Crispín Duarte ya zare sakatar bisa umarnin likitan da ke kula da gidan, wanda yake wurin, kuma bin umarnin likita wajibi ne a kansa bisa doka ta huɗu. Na sa hannu. Na fita ta babbar ƙofa da ƙafata, karo na farko. Taron ya ragu, saura mutum goma sha wani abu, kuma ba su gane ni ba sai da na wuce.

Magajin gari ya karanta a tsaye. Ya ce, "Na ba ka ƙofa biyu, Likita, ka je ka fasa bango da kanka." An dakatar da ni daga yau. Za a aika takarduna ga hukumar likitocin dabbobi, kuma ba na zaton za su bar mini lasisi. Maganar kotu ta dawo kaina. An ba mu zuwa ƙarshen Nuwamba mu tashi daga gidan. Na san ban shawarce ki ba, kuma gidanki ne kamar yadda yake nawa, da lemon da kika dasa da komai. Ina neman gafararki a kan wannan.

Crispín an ba shi takardar gargaɗi kawai. Ya zo har ofis yana huci. Ya ce, "Kompadre, wa ya aike ka? Na yi ƙaryata mai kyau, na gyara ta, har Fada ya yarda, ka zo ka ɓata mini!" Daga nan ya zauna a kan akwatin magani ya rufe fuska da hularsa, ya daɗe. Na mayar wa Ña Petrona kwanonta. Kyandir ɗin na riƙe, zan kawo wa Zunilda, za a buƙace shi kwanan nan.

Da safen nan, kafin in miƙa makullai, na bi Crispín rabon nama. Arami ta ja nata zuwa ƙurya. Ita uwarta ce ta raine ta, ba ta taɓa shiga kicin ɗin kowa ba. Na tsaya a jikin ƙarfen na kira sunanta, sau biyu. Ko kunne ba ta motsa ba.

Na ce wa Crispín, duk wanda aka kawo a madadina, ya gaya masa kada ya koya mata amsawa.

Ki tambayi Zunilda ko akwai wurin shimfiɗa ɗaya a falonsu, na 'yan kwanaki, idan kotu ta bar ni in ƙetare iyaka zuwa Buenos Aires. Ba ni da kaya da yawa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Anselmo Riquelme