Inda Na Kwantar da Sa'ida

Zaitawa, Kano
9 ga Yuli

Zuwa ga Lauratu, Maman Sa'ida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Inna, ya mutanen Bichi, ya ƙarin haƙurinmu?

Saƙonki ya iso ta hannun Yaya Hauwa. Kin ce tunda mata ba sa zuwa maƙabarta, in rubuto miki yadda wurin da na kwantar da 'yarmu yake, ki riƙa ganinsa a zuci. Wata biyar da tafiyarki gida, ba ki roƙe ni komai ba sai wannan.

Sau uku ina zama da biro, ba abin da ke fitowa sai Allah Ya jiƙan ta, Allah Ya sa mai ceto ce. Kin san mijinki, in ba almakashi da keken ɗinki ba, hannunsa mutuwa yake. Shi ya sa na shiga ajin Malam Abdulbaqi, tsohon malamin makarantar nan na Ƙofar Ɗan Agundi da ke koyar da rubutu a zaurensa ran Asabar. Kar ki yi dariya, da gemuna nake zama cikin 'yan jami'a.

Maƙaloli muke karantawa, layi-layi. Akwai ta wata mata a kan rasuwar mahaifinta. Shafi biyu, ko sau ɗaya ba ta ce baƙin ciki ba, sai takalmansa da ke bakin ƙofa, an rasa mai ɗaukewa. Awa guda muka yi a kan jimlar nan. Tawa takardar Malam ya bi ta da jan biro tas, wai gaisuwar makoki ce, duk Kano an iya ta. Ya ce in je maƙabartar in duba da idona.

Ran Juma'a zan je. Ki gaida Inna.

Mijinki,
Isyaku

Zaitawa, Kano
23 ga Yuli

Lauratu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya.

Na je. Kwana goma nake juya takardar nan.

Kin san gidanmu ba a kafa allon suna a kabari, haka Baba ya hore mu. Ranar da na sa ta da hannuna, reshen darbejiya na soka a wajen kanta, na ce ai uba ba ya ɓata. Daga nan ban sake komawa ba, tsoro nake ji, yau na faɗa miki.

Damina ta kwantar da ƙasar. Reshen babu shi. A layin da nake zato akwai ƙananan kaburbura bakwai, kusan tsawonsu ɗaya, ciyawa ta rufe su. Baba Ado mai gadi ya zaga da ni har la'asar, ƙarshe ya ce yaran bana da yawa, in yi wa dukkansu addu'a. Na yi. A gaban kowanne na tsuguna ina jira zuciyata ta shaida, ba ta ce komai ba.

Na nuna wa Malam abin da na rubuta. Ko kalma ɗaya bai soke ba, ya ce yanzu na iya. Ban ga amfanin iyawar ba.

Abu ɗaya kika roƙe ni, Lauratu, kuma ban san inda 'yarmu take ba. In kin ƙi dawowa, ba zan ga laifinki ba.

Wassalam.

Naki,
Isyaku, da har yanzu unguwa ke kira Baban Sa'ida