Maganin da Umma Ta Ƙi Sha

Sitakunda, cikin damina

Zuwa ga ƙanena Delwar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya a can Sohar. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya tsare ka da zafin ƙasar Oman. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sake shigo mana tsakar gida har ya tafi da kajin matarka Nasima, 'yarka Jorna kuma ta yi wawulo, tana ta ɓoye baki.

Na ba maƙwabcinmu Kamal takardar ya kawo maka hannu da hannu, tunda wayarka ta koyi kurumta idan ni ce mai kira. Tun ranar da likita ya yi bayani kana ji ta waya, ya ce ciwon dajin da ke ƙirjin Umma daga farar ƙurar asbestos ne ta cikin tsofaffin jiragen ruwa, ya tambaya ko ta taɓa wanke wa wani kayan aiki, ka kashe waya, shi ke nan. Na san abin da ke cin ka. Kai ne ka yi ƙuruciyarka kana fasa jirage a bakin teku, ka dawo gida fari fat kamar an tsoma ka cikin gari, Umma ta kakkaɓe rigarka a bakin ƙofa kafin ta wanke. To, na ji. Amma tsakani da Allah, wa ya sani a lokacin? Rabin unguwar nan da allon jirgi mai wannan ƙurar aka yi murhu.

Likitoci sun ce ba sauran abin yi sai rage mata zafi, muka dawo da ita gida. Sai suka haɗa mu da wata mata, Shipra Barua, muna ce mata Didi. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, aikinta kawai zama da wanda tafiyarsa ta ƙarato. Da farko na ɗaure mata fuska, na ce yanzu zama kusa da uwata ma sai an koya mini? Ga shi 'yar addinin Buddha ce. Wallahi na ji kunya daga baya. Ita ta nuna mana yadda za mu jingina Umma da matasai, mu juyo fanka saitin fuskarta idan numfashi ya sarƙe. Idan ta ji kiran salla ita ke ce mini in kawo wa Umma abin taimama, in mun fara karanta Yasin kuma sai ta koma bakin ƙofa ta zauna shiru.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin da aka ba mu, mai kashe zafi da sa barci. Umma ta ƙi sha fafur. Na roƙa, na yi kuka, na yi faɗa, har na ce taurin kanta ne ka gado. Sai dai ta damƙe bakin gado, gumi na keto mata, ta ce wai ɗaci gare shi. Matar da ta ƙare rayuwarta tana taunar taba da ganyen pan mai yaji ce za ta ce mini ɗaci!

Didi ba ta taɓa ce mata ta sha ba. Ranar Laraba da hantsi tana taje mata kai da man kwakwa, sai ta tambaye ta a hankali me take tsoron ya wuce ta idan ta yi barci. Ina tsinke ganye a gefe, na ji da kunnena. Umma ta ce ta san ɗanta sarai. Wai idan ka zo ka tarar tana barci, za ka tsaya a bakin ƙofa kamar ɓarawo, ka leƙo, ka juya, ka tafi da kayanka a kai har kabari. Ta ce dole idonta ya kasance biyu ta kama kunnenka ta gaya maka cewa babu wankin da ta taɓa yi da farin ciki irin na rigar nan, domin duk ranar da ta kakkaɓe ta, ranar teku ta dawo mata da ɗanta da ƙafafunsa ke nan. Ta ce wai wa ya ba wannan sakaran izinin ɗaukar laifi a kan abin da Allah Ya rubuta?

Na so in yi mata ƙarya in ce kana hanya, ko ta sha. Didi ta hana ni. Ta ce Umma ta zaɓi abin da take so ta yi da kwanakin da suka rage mata, kada mu ƙwace mata da yaudara, gara in gaya maka gaskiya ka zaɓi naka. Ta kuma ce idan ka zo a duba ƙirjinka kai ma, ni ma kuma tsoron nan yana hana ni sukuni.

Nasima da Jorna suna gaishe ka, mijina Harun ma haka, da Kawu Mofiz mai kifi. Ka gaishe mini da mutanen garinmu da ke tare da kai. Ban ce ka turo komai ba, Delwar. Maganin yana nan kan taga, ko buɗe shi ba a yi ba, kuma duk wayewar gari da ka ƙara a can, ita ke jin sa a ƙirjinta. Don girman Allah ka zo ta ja kunnenka, ta samu ta yi barci.

Yayarka,
Shahanara