Tafiyar Hamida Zuwa Montiriyal

Garwa, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Munir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda, da zan turo maka hotonta ta waya, ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙara maka juriyar sanyin ƙasar Kanada. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Hadje mahaifiyarmu ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da kanta, kuma maigidana Adoum ya gama cirar auduga a Pitowa.

Maganar matarka Hamida ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Ka ce mata tafiyar barci ɗaya ce, ta farka ta gan ka. Hankalina bai kwanta ba, sai na je wurin Madam Yvette da ta yankar mata tikiti, na ce ta faɗa mini gaskiya. Ta ce daga Garwa sai Duwala tukuna. Daga Duwala zuwa Faris wajen awa bakwai, sannan a jira wani jirgin, a ƙara fiye da awa bakwai kafin Montiriyal, mafi yawansa a kan teku, inda ba a sauka don mutum ɗaya sai da ƙyar. In an haɗa da jira, yini da kwana ne a zaune.

Munir, cikin da Hamida ke ɗauke da shi ya shiga wata bakwai. Ranar Juma'a na raka ta awo, likita ta ce jininta ya hau, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Da na ambaci jirgi, sai ta ajiye abin awon ta dube ni, ta ce ita ba za ta sa hannu a takardar izini ba.

Na san abin da ke cin ka. Bizarta za ta ƙare kafin ta haihu, kuma shekara biyu kuna neman ta. Hamida ma ta sani, shi ya sa ta ɓoye maka maganar likita. Ta ɗaure akwatinta, har da kayan jariri, amma jiya na tarar da ita zaune a kansa tana kuka. Ta ce tana tsoron jirgin, tana kuma tsoron ka ce ta ƙi ka.

Jirgin ranar Alhamis ne. Ni dai ba zan kai ta filin jirgi ba, na faɗa wa Hadje, ta ce ta yarda. Amma Hamida ba za ta kwance akwatin nan ba sai ta ji daga bakinka. Ka kira ta, kada ka kira ni. In kana son ganin ta, kai ka taso, kai ba ka ɗauke da kowa.

Hadje tana sa maka albarka. Adoum da 'yarmu Ummuhani suna gaishe ka, haka Kawu Bukar daga Banyo.

Yayarka mai jiran kiran nan,
Haoua