Iskar da Kike Nufi, Inna

Inna, assalamu alaiki.

Wai kin san duk shekarun nan ba mu gane wace iska kike nufi ba? Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki. Amma wa zan faɗa wa in ba ke ba? Allah Ya kai haske kabarinki.

Na baro Kurfi bayan girbi. Ina Dutsin-Ma, ina aiki a wani injin niƙa kusa da tasha. Garin nan ya ruɗa ni, Inna. Babura, keke, motoci, kowa sauri yake, ban san inda za su ba. Mai injin ya ba mu ɗaki a bayan shagon, ni da matata Hindatu. Ta sauka lafiya, mace. Sunanki na sa mata, muna ce mata Ummi. Goshinki ne sak.

Tari ya dami Ummi, sai na raka Hindatu awo. Malamar asibiti ta ɗauke ta, ta shinshina rigarta, ta tambayi inda muke kwana. Na faɗa mata. Sai ta ce iskar wurin nan tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yarinya.

Inna, ni daga nan ban ƙara jin komai ba. Iska? Taɓa ƙwaƙwalwa? Ai sai mutanen ɓoye suka faɗo mini a rai. Na wuce kasuwa wajen mai magani, na sawo kayan hayaƙi. Na rufe ƙofa, na toshe taga da tsumma, na zuba su a garwashi. Ummi na tari, idonta ya yi ja, ni kuwa ina ce wa Hindatu alamar fita ce. Ita ce ta fizge ta ta yi waje, ta ce ba abin da ta ji malama ta faɗa ke nan ba.

Washegari muka koma. Malama ta fara dariya, da ta ji abin da na yi sai ta daina. Ta zaunar da ni. Ashe wannan iskar da muke shaƙa take nufi. Hayaƙin injin, na babura, na itace, da ledar da Hindatu ke hura wuta da ita. Wai akwai ƙura a cikinsa da ido ba ya gani, tana wuce huhu ta shiga jini, jini ya kai ta kai. Kan jariri kuwa yanzu ake gina shi. In abin ya yi yawa, yaro na iya makara wajen magana, ko a kai shi makaranta karatu ya riƙa ba shi wuya. Ni da a zatona hayaƙi iyakarsa ƙirji.

Tana magana, ke nake gani.

Kin tuna yadda ba ki taɓa hura wuta da goyo a baya ba? Sai kin kwance shi. Ki ɗebi dusa ki watsa sama, ki ga inda ta nufa, sannan ki shimfiɗa tabarma a ɗaya gefen. Ko ana ruwa ba ki girki a ɗaki, gara ki jiƙe a ƙarƙashin rumfa. In kika ga matar Yaya Lawal na suya da yaro a cinya, sai ki daka tsawa a fitar da shi daga iskar nan. Mu duka mun ɗauka aljanu kike tsoro. Mata na ce miki mai tsirfa, ke ko a jikinki.

Wa ya koya miki? Ba ki shiga aji ba, ba ki da rediyo sai ta Baba. Ko kallo kawai kika yi, kika ga yaron da ya tashi a bakin murhu daban yake? Ban taɓa tambayarki ba. Ban kuma taɓa ce miki na gode ba, ni da kika yi ta ɗaukewa daga hayaƙi tun ban san sunana ba. Ɗan karatun da na samu ban sha wuyarsa ba, ga shi har ina rubuto miki.

Na tambayi malama ko an riga an yi wa Ummi illa. Ta ce ba mai iya sani yanzu, amma abin da ya rage yana hannunmu. Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Mun tashi daga bayan injin. Wani mutumin Kurfi ya ba mu ɗaki a hanyar Dabawa, gida mai fili da darbejiya. Da nisa, a ƙasa nake zuwa aiki, ban damu ba. In na dawo sai na cire rigar aiki kafin in ɗauke ta. Hindatu ta bar leda. Jiya na kira sunan Ummi ta juyo, ta kama mini gemu ta ƙi saki.

Bari in tsaya nan, Inna, dole in tashi. Hindatu ta haɗa itace, Ummi na bayanta. Ga dusa a hannuna.

Sai mun zo.

Ɗanki, Sabi'u, uban mai sunanki.