Fiton da Manaja Ba Ya Ji

Litinin, uku ga wata, ƙarfe biyu na rana, daga ɗakin naɗar murya

Kawu,

Ina gaisuwa, ya jiki? Ka san aikin da ka samo mini a gidan rediyo, juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Duk abin da aka juye kafin zuwana yana ɗauke da wani siririn fito. Na gwada kaset ɗin a wata na'ura, lafiyarsu ƙalau. Na'urar juyewar ce ke sa shi. Kwamfuta kuwa ba ta zaɓe: tana auna sauti sau dubbai a daƙiƙa ta mai da shi lambobi, har da fiton.

Manaja ya saurara ya ce, "Yarinya, sauro ne ya tare a kunnenki." Ranar Juma'a za a ƙone kaset ɗin don a sami ɗaki. Ya ce in sa hannu cewa aiki ya yi kyau. Ban sa ba.

Na gaishe ka,
'Yarka

'Yata,

Muna lafiya. Manaja ya zo har gida ya kunna mini, ni ma ban ji komai ba. Shekara talatin muna aikin murya ni da shi, sai ke za ki koya mana ji? Jiya-jiyan nan kika gama makaranta. Ki sa hannu, kada ki ba ni kunya.

Allah ya shirye ki,
Kawunki

Kawu,

Barka da war haka. Wallahi ba raini ba ne. Can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana. Masu kama siririn sauti su ke fara mutuwa da shekaru da yawan ƙara, kuma ba sa dawowa. Shi ya sa fiton ke wuce ku, amma yara za su ji shi.

Na kulle siton da ake ajiye kaset ɗin, makullin yana jakata. Labaran da ka karanta a rediyo duk suna ciki, kuma ban da juyen mai fito babu su a ko'ina. In kora ce ya kore ni, amma ba za a ƙone su ba sai an sake juyewa.

Ka yi haƙuri da ni,
'Yarka

'Yata,

Har yanzu ban ji fitonki ba. Gobe da safe zan zo. Ki jira ni a ƙofar siton.

Kawunki

Kawu,

Allah ya kawo ka lafiya. Ga abin da ban sani ba: ko Manaja zai kira kafinta ya ɓalle ƙofar, ko ina da aiki mako mai zuwa, ko kuma gefen wa za ka tsaya.

Makullin dai ko kai ba zan ba ka ba.

'Yarka